Ajiyar da Ta Ƙone a Gidan Haya

Yaran da kamfani ke turo mini yanzu in koya musu aiki, kusan dukkansu da farin takalmi suke zuwa. Ranar farko nakan dubi takalmin kawai. A zatonsu aikin inshorar gidaje shi ne a zauna ƙarƙashin fanka, a latsa waya, a ce wa mutum ya sa hannu a nan. Wani ma ya taɓa ce mini, "Baba Lawal, ai wannan aikin ko makaho ya yi shi." Ban yi masa musu ba. Na goya shi a babur muka tafi wani gida a Batsari da gobara ta cinye, na ce ya shiga ya faɗa mini abin da ke ɗakin kafin wuta ta tashi. Ya shiga ya fito, ya ce shi dai toka ya gani. Na ce to, aikin ke nan. Kai toka ka gani, ni kuma na ga katifu da akwatin amarya da gadon jariri.

A manyan birane wanda ke sayar da inshora daban, wanda ke zuwa kiyasta asara daban. Mu nan tsakanin Batsari da Safana babu wannan gatan. Ni ne ke bin mutum har ya yarda ya shiga, ni ne ke zuwa in ga gidan tun yana lafiya, ni ne kuma ke dawowa ranar da iska ta kwashe rufin ko wuta ta ci ɗakin. Wanda ka yi wa murmushi bara kana lallashinsa, shi za ka tsaya gabansa bana yana zaune a kan turmi, ka ce masa wannan za a biya, wancan ba za a biya ba. Na yi furfura a cikin aikin, amma har yau ban saba da wannan tsayuwar ba.

Kayan aikina ba su da yawa. Akwai tef na awo, irin na magina. Akwai tocila, domin ɗakin da ya ƙone duhu gare shi ko da rana tsaka. Akwai takalmin roba mai kauri, saboda ƙusa ba ta ƙonewa, tana nan tana jiran ƙafarka, kuma toka takan riƙe zafi a ƙasa bayan samanta ya huce. A da akwai kyamara, yanzu waya ta maye gurbinta. Amma abin da ya fi kowanne amfani shi ne wani guntun rodi da maƙeri ya lanƙwasa mini bakinsa a kasuwar Batsari. Da shi nake tona toka. Katifa mai sifirin takan bar wayoyinta, ta soso kuma takan narke ta bar baƙin dunƙule mai ƙyalli manne da siminti. Akwati yakan bar makullinsa da ƙarfen kusurwa. Tufafin da aka ninke ba sa cinyewa duka, in ka ɗaga na sama za ka tarar da tsakiyarsu har da launi, ka gane atamfa ce ko shadda. Hatsi kuwa ya fi kowa taurin kai. Buhu ya ƙone, gero ya zama gawayi, amma yana nan tsibi a inda aka ajiye shi, in ka auna tsibin ka san buhu nawa ne.

Baba Tukur ne ya koya mini, Allah ya jiƙansa. Tsohon ma'aikacin kamfanin ne a Katsina, ɗan gajere mai faɗa, wanda yabo ke yi wa wuyar fita daga baki. Na je masa da takardar makaranta ina ji da kaina, ya karɓa ya jefa a aljihun tebur ko buɗewa bai yi ba. Sai ya haɗa ni da wani magini, ya ce in bi shi ina miƙa bulo har kaka ta yi. Daga nan ya tura ni wurin kafinta mai rufi. Da na yi ƙorafi sai ya ce, "Kai da ba ka san bandir nawa na kwano ke rufe ɗaki ba, mi za ka ce ma wanda iska ta ɗauke ma rufi? Sannu kawai?" Abin da ya fi ba ni kunya shi ne da ya kai ni layin 'yan kwanuka, ya zaunar da ni cikin mata masu sayen kayan ɗaki, wai in san darajar kwalla da samira da kumbo. Abokaina suka riƙa kirana uwar amarya. Daga baya na gane gaskiyarsa, domin rabin dukiyar gidan Bahaushe a ɗakin matarsa take, shi kuma maigidan in ka tambaye shi sai ya ce 'yan kwanuka ne kawai.

Shi ne ya koya mini yadda ake shiga gidan asara. Ba a shiga da takarda a hannu. Ka ajiye babur nesa kaɗan, ka yi sallama, ka durƙusa ka gaida manya, ka yi jaje, ka tambayi lafiyar yara, in an kawo ruwa ka sha. Sai mai gida ya ce maka bismillah da kansa sannan ka ciro tef. Shi ne kuma ya kafa mini ƙa'idar da babu ɗaga ƙafa a cikinta: duk abin da ka tono, kada ka rubuta shi sai ka nuna wa mai asara a gaban shaidu ka tambaye shi na wa ne. Kamfani abin mutum yake biya, nasa da na iyalin da ke ƙarƙashinsa. Ba ya biyan na maƙwabci, ba ya biyan na baƙo, ba ya biyan ajiya, sai in tun farko an faɗa an ƙara a cikin yarjejeniya.

Sayarwar ita ma ba wasa ba ce. Farkon zuwana Safana, da na buɗe baki sai a ce, "To, kai ne za ka hana ƙaddara?" Wani dattijo a Zakka ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in da gaske nake in ba shi kuɗin gobarar tun yanzu, shi ya ɗauki nauyin tashin wutar. Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Sai da kamfaninmu ya koma tsarin takaful, wato kowa ya jefa nasa a asusu ɗaya da niyyar taimakon wanda abin ya faɗa wa, sannan malamai suka fara shimfiɗa mini tabarma. Nakan ce musu gayya ce, sai dai ba ta noma ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanena dai su ne malaman makaranta, da ma'aikatan ƙaramar hukuma, da ma'aikatan asibiti da aka turo daga wasu garuruwa, da 'yan kasuwar da banki ya tilasta wa. Manomi kuwa yakan ce rumbunsa yana hannun Allah, kuma ban taɓa iya ce masa ba haka ba ne.

Aikin da ya fara nuna mini bambancin mai gida da ɗan haya a Batsari ne, farkon wata damina. Iska ta taso da la'asar ta naɗe rufin wani gida mai ɗakuna a jere kamar tabarma, ruwa ya biyo baya. Mai gidan yana da inshorar gini, don haka na auna katako, na ƙirga kwano, na duba silin da ya jiƙe ya zubo. Ina cikin haka sai wata ma'aikaciyar jinya da ke haya a ɗakin ƙarshe ta jawo katifarta tana ɗigar ruwa, ta fito da talabijin, da takardun karatunta da suka manne da juna, ta jera su a gabana ta koma gefe tana jira. Ta ji an ce gidan yana da inshora. Dole na yi mata bayani cewa ta mai gida ta bango ce da rufi da ƙofa da taga, wato abin da za ta bari a nan ranar da za ta tashi. Abin da za ta loda a mota kuwa nata ne, kuma ita ce za ta yi masa tata inshorar. Ta kwashe kayanta ɗaya bayan ɗaya ta mayar. Tun daga ranar, duk gidan hayar da na shiga sai na yi sallama a ƙofar kowane ɗaki, ko da korata za a yi.

Akwai kuma masu son su ci banza, kada ku zaci kowa bawan Allah ne. Wani mai shago ya taɓa zuwa wurin 'yan gwangwan ya sayo mushen fanka da na rediyo ya watsa a cikin tokarsa kafin in iso. Ya manta cewa ƙarfen da ya ƙone jiya da wanda ya sha damina a bola ba launinsu ɗaya ba. Ban kunyata shi ba. Na ware su gefe da rodi, na ce waɗannan da alama iska ce ta kawo su. Ya ce ƙwarai kuwa, iskar bana ba ta da kirki.

Wurin bin ɗakunan haya na san Malam Sada. Gidansu gidan malamai ne tun kakanni a wani ƙauye ta wajen Tsaskiya, shi kuma ya dawo Safana yana koyarwa a Islamiyya, yana haya a gidan wani ɗan kasuwar hatsi, Alhaji Rabe. Ɗaki biyu ya kama da shago a bakin zaure, inda yake ba manya karatu bayan sallar asuba. Bai karɓi maganata da wuri ba. Sai da ya karanta yarjejeniyar da kansa, ya yi mini tambayoyi kamar alƙali, ya tafi ya yi nasa binciken, sannan ya aiko in zo in ga kayan. Na ga littattafansa a kanta, da katifu, da tufafi, da hatsin shekara, da keken ɗinkin matarsa, da wani firij dogo na tsaye da ya saya a hannun ma'aikacin da aka yi wa canjin gari. Bayan ya shiga, malamai da yawa suka biyo shi, domin mutum ne da in ya ce abu halal ne ba a sake tambayar kowa.

Sai shekarar da daji ya ƙi zaunuwa. Ba sai na ba ku labarinta ba, wasunku a cikinta kuka yi wayo. Ɓarayin shanu da 'yan bindiga suka hana noma, suka hana kiwo, ƙauyuka suka riƙa tashi suna shigowa gari a akori-kura da amalanke. A aikinmu shekara ce mai ɗaci. Yarjejeniya ba ta ɗaukar ɓarnar hari da makami, don haka gidajen da aka ƙona a ƙauye sai dai in je in yi jaje in dawo, in hanya ta yarda ke nan. Wanda ya kulle gida ya gudu ya daɗe, inshorarsa takan tsaya. Mutane da yawa suka daina sabuntawa, kuma ban ga laifinsu ba, mai neman abin da zai ɗora a murhu ba ya tunanin gobara. A cikin gari kuwa kowane gida ya cika da kayan da ba nasa ba. Ƙarƙashin gado, bayan ƙofa, cikin zaure, duk ajiyar 'yan'uwa ce. Na riƙa bi ina cewa a faɗa a ƙara a yarjejeniya, amma wa zai biya ƙari a kan kayan wani a irin wannan shekarar? Malam Sada dai bai daina sabunta tasa ba. Na ji a gari cewa baƙi sun yi masa yawa, har ya fara fitar da kayan gida yana sayarwa don ya ciyar da su.

Cikin waɗanda suka zo masa akwai Haro, wani Bafulatani daga rugar da ke kusa da ƙauyensu. Labarinsa sai daga baya na ji shi duka. Zumuncinsu da gidan Malam gado ne. Mahaifin Malam shi ya karantar da Haro, Malam kuma ya karantar da 'ya'yan Haro, su kuma damina ba ta taɓa wucewa ba su aiko da man shanu ba. Aka zo aka kore garken Haro gaba ɗaya, sai 'yan ƙalilan da suka ɓalle a hanya suka dawo da kansu. Ya san in ya bar su za a sake dawowa, sai ya kai su kasuwa. Da kuɗin ya sayi firiza domin matarsa ta riƙa sayar da fura da nono mai sanyi a gari, ya sayi keken ɗinki domin babban ɗansa da ya fara koyo, da sauran kuma ya sayi gero. Iyakar abin da ya rage masa a duniya ke nan. Amma ɗakin haya ya gagara. A lokacin duk wanda ya ji Fillanci a bakin mutum sai ya ce ɗakin an riga an kama, alhali shi ma mutumin koro shi aka yi. Haro ya kai iyalinsa wurin surukansa a Zakka, kayan kuma Malam ya ce a zuba a shagonsa har Allah ya kawo ɗaki.

Gobarar ta tashi ranar wata Juma'a a bazara, maza suna masallaci. Wani ɗan haya ne ya ajiye jarkar fetur a ɗakinsa, aka kuma kunna risho kusa da ita. Allah ya tsare rai, mata da yara duk sun fita, amma kafin a dawo a ɗebo ruwa, ɓangaren Malam da shagon sun tafi. Da hantsin Asabar na isa. Na fara da Alhaji Rabe, wanda shi ma yana da inshorar gini, tunda nasa mai sauƙi ne, inda bango ya tsage, da katako, da ƙofofi. Muna gamawa ya ja ni bayan gida, ya rage murya.

"Malam Lawal, kai ɗan gari ne, ba sai an yi maka dogon bayani ba. Firiza da keke da geron da ke shago na wani bawan Allah ne, Haro. Sauran shanunshi ne ya saida ya saye su. Malam kau nashi firij ɗin da keken tuni sun tahi wajen ciyar da baƙi."

Na ce, "Allah ya mayar da alheri."

"Amin. To ai ga alherin nan a hannunka. A takardar Malam akwai firij, akwai keke, akwai hatsi. A toka ma ga firij, ga keke, ga hatsi. Mun yi magana da mai unguwa, mun kuma zauna da Malam tun jiya. In an biya, ya miƙa ma Haro abinshi. Ba wanda zai ci ko sisi, wallahi."

Na ce masa ni ba na rubuta komai sai abin da mai asara ya faɗa da bakinsa. Ya ce ai shi ke nan, Malam zai faɗa.

Na shiga shagon da rodina. Ko Alhaji bai gaya mini ba da na gane, domin firij ɗin da na gani a da na tsaye ne, wannan firizar kuwa ga ta kwance, murfinta ya kumbura. Hanya uku ce a gabana kuma babu mai daɗi. In Malam ya ce nasa ne na rubuta, na ci amanar mutanen da suka tara asusun, har da malaman da suka shiga saboda shi. In na ƙi rubutawa, na ƙaryata Malam Sada a gaban unguwarsa. In kuma aka faɗi gaskiya, Haro ya tashi a tutar babu. Na daɗe a ciki ina tona abin da na riga na gani, ina auna tsibin geron ina sake aunawa.

Mai unguwa ya iso, aka shimfiɗa tabarma a inuwar bangon da bai faɗi ba. Mutane suka taru, maƙwabta da iyayen ɗalibai. Malam Sada ya fito sanye da rigar da ya je masallaci da ita jiya, ita kaɗai ta rage masa. Muka gaisa, na yi masa jaje, ya ce Allah ne ya bayar kuma shi ya karɓa. Na fara da ɗakunan ciki. Na ɗaga wayoyin katifa, ya ce tasa ce. Na ɗaga ƙarfen akwati, ya ce na maiɗakinsa ne. Littattafan sun dunƙule sun yi baƙi, in ka taɓa gefe ya zube, tsakiya kuwa rubutu na nan. Ya karɓi ɗaya ya riƙe da hannu biyu, ya ce wannan mahaifinsa ne ya rubuta shi da hannunsa. Na ce masa darajar takarda da bangon littafi za a biya, iyakar abin da muke iyawa ke nan. Ya gyaɗa kai.

Saura shago. Aka jawo firizar da ƙarfen keken zuwa bakin ƙofa inda kowa zai gani. Na dafa firizar da rodi.

"Allah gafarta Malam, wannan ta wa ce?"

Ya dubi firizar. Ya dubi Alhaji Rabe, Alhaji ya ɗan gyaɗa masa kai. Na sha tsayawa gaban masu ƙarya kuma na san su, sukan amsa tun kafin ka rufe baki. Shi kuwa zufa ce ta keto masa daga ƙarƙashin hula, carbin da ke hannunsa ya tsaya cak. Ya buɗe baki ya ce, "Wannan..." sai ya tsaya. Na ga ya riga ya yanke shawara, cewa zai yi tasa ce. Ban taɓa jin tausayin mai asara kamar yadda na ji nasa a wannan lokacin ba.

Sai muka ji sallama daga bayan mutane. Wani dogo ne siriri, da malafa a ka da sanda a kafaɗa, kana ganin ƙafafunsa ka san tafiyar ƙasa ya sha. Ban san shi ba, amma yadda wurin ya yi tsit na gane Haro ne. Bai yi gaggawa ba. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida mai unguwa, ya gaida Alhaji, ya juya ga Malam ya tambayi kwanan iyali da firgitar da yara suka yi, ya yi masa jaje kamar shi bai rasa komai ba. Sannan ya dube ni.

"Kai ne mai rubutu?"

Na ce ni ne.

"To rubuta. Wannan akwatin sanyi nawa ne. Keken nan nawa ne. Geron da ke ciki nawa ne, ban da buhu biyu na kusa da ƙofa, su na Modibbo ne." Haka yake kiran Malam da Fillanci.

Alhaji Rabe ya miƙe tsaye. "Haro, ka san abin da kake yi kau? In ka ce naka ne ba a biyan ko sisi! Don kai muke wannan abin!"

"Na sani, Alhaji. Wanda ka aiko jiya ya gaya mani duka, ya ce in yi zamana a Zakka har a gama. Miyetti, na gode, Allah ya saka maka. Shi ya sa na taso tun asuba."

Malam Sada ya ce, "Haro, ka bari. A hannuna kayanka suka ƙone. Ni zan ɗauki nauyin, in nemi gafarar Ubangijina."

"A'a, Modibbo. Marigayi babanka shi ya riƙe hannuna bisa allo. Kai ka riƙe na ɗiyana. In ka ce naka ne yau, gaban mutanen nan da duk sun san nawa ne, gobe in ka zauna ka buɗe masu littafi mi za su ji? Shanu aka kore, ban mutu ba. Wuta ta ci sauran, ban mutu ba. Amma furar da aka dama da ƙaryar Modibbo ba ta wuce maƙoshina, kuma ba ni ba ɗiyana su sha."

Alhaji ya koma ya zauna a hankali. Malam ya sunkuyar da kai, hawaye na gangarowa cikin gemunsa, bai share ba. Can sai mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce a ci gaba da aiki. Na sake tambaya, domin dole amsar ta fito daga bakin mai asara.

"Allah gafarta Malam, ta wa ce?"

"Ta Haro ce. Ajiya ce ya ba ni."

Na rubuta haka. Na tambayi keken, na tambayi geron, ban da buhu biyun nan amsar dai ita ce. Da na haɗa abin da ya zama na Malam, bai taka kara ya karya ba. Daga baya na kai maganar Haro gaban manyana ko za a duba shi, aka ce yarjejeniya ba ta kai kansa ba, kuma gaskiya suka faɗa.

Ina naɗe tef a ranar sai Haro ya matso kusa da ni.

"Mai rubutu, tunda nawa ne, ina iya ɗauka?"

Na ce masa abinsa ne, ya yi yadda ya ga dama. Ya ce ya ji ana sayen tsohon ƙarfe a bayan tasha, ko zai samu na mota da ɗan gishirin da zai kai gida. Aka aro masa baro a maƙwabta. Aka ciccibi firizar aka ɗora, aka aza ƙarfen keken a kai, ya kwance igiyar da ke ƙugunsa ya ɗaure su tamau. Ya sunkuya zai kama hannun baron ke nan, sai Malam Sada ya miƙe daga tabarma, ya naɗe hannuwan rigarsa, ya ture shi gefe ya kama.

"Subhanallahi, Modibbo! Mutane na kallo."

"Su kalla. Kai dai shiga gaba."

Ya tura. Bai iya ba, tayar ta riƙa karkacewa, baƙar toka na zuba a gaban rigarsa. Haro ya rasa yadda zai yi da shi, sai ya rataya sandarsa, ya dafa firizar da hannu don kada ta zame. A haka suka ratsa tsakiyar unguwa, masu shaguna suna miƙewa tsaye in sun zo wucewa, har suka sha kwanar tasha.